Ɓera ya rame bayan an ba shi magani: maganin ƙiba ne ya yi aiki, ko wani abu daban?

Wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a fannin ilimin magunguna ta aiko da wannan tambaya: "Malam, ina so in sa ƙananan ɓerayen ɗakin gwaji su yi ƙiba ta hanyar ba su abinci mai maiƙo, sannan in gwada ko tsimin ganyen zogale zai rage musu nauyi, in kwatanta shi da maganin asibiti. Wane irin ɓera zan nema, me zan ciyar da su, har tsawon wane lokaci, kuma me zan auna?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Tambayoyinki huɗu duk zan taɓa su, amma akwai ta biyar da ba ki yi ba, wadda ta fi su nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa: idan ɓeran ya rame, me ya ramar da shi? Ramar da ɓera ba wuya. Ciwo na ramar da shi, tsoro na ramar da shi, faɗa da abokan kejinsa na ramar da shi, haka ɗacin abin da aka zuba masa a abinci, haka kamun da ake masa kullum don a yi masa ɗure. Sikeli kuwa ba ya bambance ko ɗaya daga cikin waɗannan da aikin magani, lamba kawai yake nuna miki. Mai kiwon ragon layya idan ya ga ragon da ya turke ya fara zubewa, dubawa yake yi ko ya ƙi cin dusa ne, ko tsutsar ciki ce, ko zawo. Irin wannan duba ake bukata daga gare ki, kuma tun daga tsarin gwajin ake shirya masa, ba sai an gama ba.

Kin yi daidai da kika zaɓi ƙibar da abinci ke kawowa, kuma yana da kyau ki san dalili, don za a tambaye ki ranar kare aikinki. A shekarar 1949, a cibiyar Jackson da ke garin Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka, an ga wasu ɓeraye da suke ci babu ƙoshi har nauyinsu ya kai ninki uku na 'yan'uwansu. Su ake kira ob/ob. Sai a 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano abin da ya same su: jikinsu ba ya yin wani sinadari mai suna leptin, wanda kitse ke fitarwa ya je ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a rage ci. Da aka yi musu allurar leptin sai suka rame sarai. Duniya ta ɗauka an gama da ƙiba, har kamfanin Amgen ya biya dala miliyan 20 don mallakar haƙƙin sinadarin. Da aka gwada a kan mutane masu ƙiba, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Dalili shi ne yawancin masu ƙiba ba rashin leptin ke damun su ba, yana nan a jininsu da yawa, ƙwaƙwalwar ce ta daina sauraron sa. Waɗanda ya yi wa aiki sosai su ne 'yan tsirarun yaran da aka haifa ba sa yin sa ko kaɗan, irin waɗanda Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi suka yi nazari a kansu a Kambirij ta Ingila tun daga 1997. Ɓeran da abinci ya sa wa ƙiba kuwa, leptin ɗinsa sama yake yi, kuma shi ma ba ya jin allurar sosai. A nan ya fi ob/ob kama da mutum, kuma wannan ne amfaninsa.

Irin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne baƙin ɓeran nan C57BL/6J. An daɗe ana haɗa 'yan gida ɗaya aure a cikinsa har ƙwayoyin gadonsu suka zama kusan iri ɗaya, don haka bambancin da kika gani tsakanin rukunoni ya fi yiwuwa daga abin da kika yi musu ne. A 1988 Richard Surwit na Jami'ar Duke ya nuna cewa idan aka ɗora wannan iri a kan abinci mai maiƙo da sukari, yana yin ƙiba, sukarin jininsa da insulin ɗinsa (sinadarin da ke sauke sukarin jini) su hau, alhali irin A/J da aka ba abinci ɗaya sukarinsa bai lalace haka ba. Ki kula da harafin ƙarshe na sunan. Da 6J da wani reshensa mai suna C57BL/6N asalinsu ɗaya, amma sun rabu tun 1951, kuma 6J ya rasa wani yanki na ƙwayar gado mai suna Nnt, abin da ke taɓa yadda jikinsa ke fitar da insulin. Ba a gwamutsa su a gwaji ɗaya.

Na san a jami'o'inmu abin da ya fi samuwa shi ne fararen ƙananan ɓeraye da ake kira Swiss albino, da manyan nan na Wistar, ko daga ɗakin dabbobin sashe ko daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato. Ana iya aiki da su, kar wani ya karya miki gwiwa. Sai dai su ba gadonsu ɗaya ba, don haka a abinci ɗaya za ki ga wani ya yi teɓa wani kuwa kamar ba ya ci. Maganin wannan shi ne ki fara da ɓeraye fiye da adadin da kike bukata, ki rubuta tun farko ƙa'idar da za ki bi wajen cewa wannan ya yi ƙiba wancan bai yi ba, sannan ki faɗi a cikin kundinki nawa kika cire. Kada ki rubuta sunan irin da ba shi kika yi aiki da shi ba. Batun jinsi kuma, maza sun fi saurin ƙiba da lalacewar sukari, matan suna turjewa, shi ya sa aka daɗe ana watsi da su. A 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta wa masu neman kuɗinta su yi la'akari da jinsi. Idan ƙarfinki na maza ne kaɗai, to, sai ki takaita maganarki a kan maza.

Abinci shi ne inda aka fi tafka kuskure, kuma ba a abincin ƙibar ba, a abincin rukunin kwatanci. Abincin ƙiba da ya fi suna shi ne na kamfanin Research Diets mai lamba D12492, wanda kashi 60 cikin 100 na kalorinsa daga maiƙo yake, sai D12451 mai kashi 45. Ki lura, lissafin na kalori ne ba na nauyi ba, domin giram ɗaya na maiƙo kalori 9 ne, na sitaci ko furotin kuwa 4. Ɗalibai da yawa suna zuba kitse kashi 30 na nauyin abinci su rubuta "maiƙo kashi 30", alhali a kalori ya kai wajen rabi. Mai kashi 60 ya fi saurin kawo ƙiba, amma mutum ba ya cin maiƙo haka, abincin mutane ko a ƙasashen da ake cin maiƙo sosai yakan tsaya tsakanin kashi 30 da 40. A ganina mai kashi 45 ya fi kusa da gaskiya, idan kina da lokacin jira.

To, da me za ki kwatanta? Abin da aka saba shi ne a ba rukuni ɗaya abincin ƙiba, ɗayan kuma a bar shi a kan abincin yau da kullum na hatsi, wanda a wurinmu sau da yawa abincin kaji ne. Waɗannan abinci biyu ba a maiƙo kaɗai suka bambanta ba. Na hatsin yana da dusa mai yawa wadda ke ciyar da bakteriyar hanji, yana da waken suya mai ɗauke da sinadaran da ke kwaikwayon homon ɗin mata, furotin ɗinsa daban, gishirinsa da bitamin ɗinsa daban, kuma buhun wannan wata ba lallai ya zama daidai da na watan gobe ba. Duk abin da kika gani a hanta ko a hanji, ba ki da hujjar ɗora shi a kan maiƙo. Shi ya sa kamfanin yake da abincin kwatanci mai maiƙo kashi 10, irin D12450J, da aka haɗa da kayan haɗi iri ɗaya, aka daidaita sukarin, maiƙon kawai aka musanya da sitaci. Idan da hannunki za ki haɗa, ki bi wannan hikimar. Abu ɗaya da za ki kiyaye: idan kika zuba kitse a kan abincin kaji, kin tsarma furotin da bitamin ɗin da ke ciki, ɓeran kuma zai rage yawan abin da yake ci saboda abincin ya yi nauyi, sai ya shiga tamowa a ɓoye. Na sha ganin ɓerayen "abincin ƙiba" sun fi na kwatanci rama saboda wannan. Sai kin ƙara furotin da garin bitamin don cike giɓin, kuma ki kai samfur a auna miki abin da ke ciki.

Maiƙon D12492 akasarinsa kitsen alade ne, kuma na san da yawa daga cikinmu ba za su so taɓa shi ba. Ana amfani da kitsen shanu, ko man shanu, ko man ja, kuma babu laifi a ilimance, illa dai kowane maiƙo da irin tasirinsa, don haka ki bayyana wanda kika yi amfani da shi, ki tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. A zafinmu abinci mai maiƙo saurin hamami yake yi, ɓera kuma yana guje wa abin da ya yi hamami. Ki ajiye shi a firji, ki sauya na cikin keji aƙalla sau biyu a mako.

Tsawon lokaci ba shi da wuyar amsa. Ana farawa suna da mako 6 zuwa 8. Bambancin nauyi yana bayyana cikin makonni kaɗan, amma ƙiba ta sosai, wadda ta zo da kitsen hanta da taurin kan jiki ga insulin, tana bukatar mako 12 zuwa 16. Namijin C57BL/6J a lokacin yakan kai giram 45 zuwa 50, ɗan'uwansa na abincin kwatanci yana wajen giram 30.

Abin da ya fi tsawon lokacin muhimmanci shi ne yaushe za ki fara ba da tsimin. Idan kika fara shi rana ɗaya da abincin ƙiba, rigakafi kike gwadawa. Idan kika jira suka yi ƙiba sannan kika fara, magani kike gwadawa. Ayyuka da yawa suna yin na farko, su rubuta sakamako da sunan na biyu. Mutumin da zai sha zogale don ya rage teɓa ya riga ya yi teɓar, kuma jikin da ya saba da nauyi yana kare wannan nauyin da ƙarfinsa. Tunda kin ce "zai rage musu nauyi", sai ki jira. Kuma su ci gaba da cin abincin ƙibar har ƙarshe, domin ɓeran da aka mayar kan abincin hatsi ramewa yake yi da sauri ko ba a ba shi komai ba.

Ranar rabo, kada ki sa hannu a keji ki ce wanda na fara kamawa rukuni na ɗaya. Wanda ake fara kamawa yawanci shi ne mai nauyi ko mai sanyin jiki. Ki auna su duka, ki jera su bisa nauyi, ki raba da ƙuri'a ta yadda matsakaicin nauyin rukunonin zai zo daidai. Mai yin awo, in da hali, kada ya san wane rukuni ne wane. Ki sani kuma ɓerayen keji ɗaya suna cin kashin juna, don haka bakteriyar hanjinsu takan zama iri ɗaya, kuma namiji mai ƙarfi yana takura wa sauran. Idan rukuninki duka a keji ɗaya yake, ba za ki iya rarrabe tasirin magani da tasirin kejin ba. Kowane rukuni a raba shi a keji da dama. Abincin da aka auna a keji mai ɓeraye biyar kuwa, a lissafi awo ɗaya ne, ba biyar ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wato zafin ɗaki. A Turai da Amurka ana ajiye ɓeraye a digiri 20 zuwa 22, wanda ya yi wa ma'aikaci daɗi amma ga ɓera sanyi ne. Shi sai wajen digiri 30 yake daina ƙona abinci don ɗumama jiki, kuma a wancan sanyin kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ƙarfin da yake ƙonawa a ɗumama jiki yake tafiya. Wannan na iya juya sakamako gaba ɗaya. A 2009 masu bincike a Jami'ar Sitokhom ta Suwidin, ƙarƙashin Barbara Cannon da Jan Nedergaard, sun nuna cewa ɓerayen da aka cire wa furotin mai samar da zafi, UCP1, suna yin ƙiba idan aka ajiye su a wajen digiri 30, abin da ba a gani ba a ɗaki mai sanyi. To ki ɗauki gwajin wata huɗu a Kano ko Zariya ko Sakkwato, wanda aka fara cikin hunturu aka ƙare cikin bazara, a ɗakin da na'urar sanyaya shi ke bin wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa. Zafi mai tsanani yana kashe wa ɓera sha'awar abinci. Idan kika fara ba da tsimin daidai shigowar Afrilu, za ki ga rama, kuma ba ta zogale ba ce. Ki rataya ma'aunin zafi mai nuna mafi sama da mafi ƙasa, ki rubuta kullum, kuma duk rukunonin su kasance a ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, ana jujjuya wurin kejin a kan kanta.

Yanzu ba da maganin. Ɗure da bututu zuwa ciki shi ne hanyar da aka fi bi, kuma ba a wuce mililita 10 ga kowane kilo na nauyi. Ɗuren kansa wahala ne ga ɓera, a makon farko yakan rage ci ya zube kaɗan. Saboda haka kowane rukuni sai an yi masa ɗure, wanda ba ya karɓar magani a ɗura masa ruwan da aka narkar da maganin a ciki, kuma ki yi musu ɗuren ruwa zalla na 'yan kwanaki kafin a fara don su saba. Wajen ƙiyasta adadi, ba a ɗaukar na mutum a ba ɓera kai tsaye, jikinsa ya fi saurin sarrafa magani. Ƙa'idar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta bayar ta faɗin fatar jiki ita ce a ninka miligiram na kowane kilo na mutum sau 12.3 ga ƙaramin ɓera, sau 6.2 ga babba. Ki yi lissafin nan a juye ma: adadin tsimin da kike ba ɓera, ganye nawa ne mutum zai ci a rana kafin ya kai shi? Idan amsar buhu ce, sai ki sake tunani.

Lokacin bayarwa ma magana ce. Ɓera da dare yake rayuwarsa, mafi yawan cinsa bayan an kashe fitila ne. Aikin Satchin Panda na cibiyar Salk a 2012 ya nuna cewa ɓerayen da aka takaita wa cin abincin maiƙo zuwa awa 8 na dare ba su yi ƙiba kamar masu ci a kowane lokaci ba, duk da kalorin da suka ci ɗaya ne. Wannan ya shafi maganin kwatancinki. Na tabbata maganin rage ƙiba na orlistat kike da shi a rai, don shi ya fi samuwa. Aikinsa a cikin hanji yake, yana hana sinadarin da ke narkar da maiƙo aiki, sai wajen kashi ɗaya cikin uku na maiƙon ya fita ta bayan gida. Dole ya haɗu da abinci a hanjin. Idan kika ɗura shi ƙarfe tara na safe, ɓeran ya koma barci, bai ci abin kirki ba sai magariba, maganin ya wuce a banza, sai ki ce zogale ya fi shi. Ki ba da shi dab da duhu, ko ki cakuɗa shi a cikin abincin. Idan kuwa kin sami semaglutide, wani maganin rage ƙiba wanda mutum ke yin allurarsa sau ɗaya a mako, ɓera kullum ake yi masa, domin a jikinsa cikin sa'o'i maganin ke raguwa.

Ga kuma rukunin da nake roƙon ki kada ki bari. Ana kiran tsarin da ciyarwar daidaito. Kullum ki auna abin da rukunin magani ya ci, washegari ki ba wani rukuni, wanda ba ya karɓar magani, daidai wannan adadin ba ƙari. Idan rukunonin biyu suka rame daidai da juna, to duk aikin maganin ta hanyar rage ci ne. Idan rukunin magani ya fi ramewa, akwai wani abu bayan rage ci: ko maiƙo na fita ta kashi, ko jiki na ƙona ƙarfi fiye da da. Tsarin yana da rauninsa, domin ɓeran da ake auna wa abinci yakan cinye rabonsa cikin 'yan sa'o'i ya wuni da yunwa, don haka a ba shi dab da dare, ko a raba masa biyu. Wajen awon abin da aka ci kuma, ki tsince ɓarɓashin da ya zuba ƙasan keji, abinci mai maiƙo marmashewa yake yi, kuma ɓeran da bai ji daɗin abinci ba ya fi ɓarnatar da shi.

Rage ci ba aibi ba ne. Magungunan da suka fi kowanne nasara a yau ta nan suke aiki. Semaglutide na kamfanin Novo Nordisk ya rage wa mutane wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68 a gwajin da aka wallafa a 2021, tirzepatide na Eli Lilly kuma ya kai wajen kashi 20 cikin mako 72 a wanda aka wallafa a 2022, kuma dukansu ƙwaƙwalwa suke taɓawa su rage yunwa. Abin tambaya shi ne: ɓeran ya ƙoshi ne, ko ba shi da lafiya? Ɓera ba ya iya amai, don haka tashin zuciyarsa ba ya fitowa fili. Hanya mai sauƙi ta gano shi ita ce ki ba shi ruwa mai zaƙin sakarin (sinadarin zaƙi da ba sukari ba) a karon farko, ki bi shi da maganin, bayan kwana biyu ki ajiye masa ruwan zaƙin da ruwa zalla ya zaɓa. Idan ya guji mai zaƙin, maganin ya ɓata masa ciki. Manyan ɓeraye kuma idan zuciyarsu na tashi farar ƙasa suke ci, ana ajiye musu ita a auna. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga tsimin ganye, saboda da yawansu suna da ɗaci da bauri, wasu na kawo zawo, wasu na taɓa hanta ko ƙoda. Gwajin guba na kwana ɗaya, irin na Lorke da aka saba yi a sassanmu, yana gaya miki adadin da ke kisa ne kawai, ba ya gaya miki abin da wata guda na ɗure zai yi. Ki duba gashinsu ko ya tashi, ko suna takurewa a lungu, ki duba kashinsu da yawan ruwan da suke sha, a ƙarshe ki auna ALT da AST da kiriyatinin a jini, masu nuna lafiyar hanta da ƙoda, ki kai hanta da ƙoda a duba a madubin likita.

Sannan me ya tafi, kitse ko tsoka ko ruwa? Manyan cibiyoyi suna da na'urar da ke auna wannan ɓera na raye. Idan babu, sai ranar ƙarshe: ki ciro ki auna kitsen da ke gefen 'ya'yan maraina, da na ƙarƙashin fatar matsematsi, da na bayan ƙoda, da hanta, da tsokar sha-raɓa. Kada ki dogara da kitsen maraina shi kaɗai kamar yadda aka saba. A C57BL/6J wannan kitse yana girma har ɓera ya kai wajen giram 40, daga nan sai ya fara raguwa, maiƙon ya koma taruwa a hanta, ta yadda ɓeran da ya fi kowa ƙiba zai iya nuna ƙaramin kitsen maraina. Gwajin jure sukari kuma, wanda ake ba ɓera sukari a ga saurin saukarsa a jini, kada ki hana su abinci dare guda kafinsa. Ga dabba mai giram 30 da ke ci da dare, awa 16 ba azumi ba ne, horon yunwa ne, kuma yana sauya abin da kike son aunawa. Awa 5 zuwa 6 daga safiya ya wadatar. Idan kuma kika ba da sukarin bisa nauyin jiki gaba ɗaya, mai ƙiba zai karɓi fiye da kowa alhali tsokarsa da hantarsa, masu kwashe sukarin, ba su ƙaru haka ba, sai ya fito kamar ya fi lalacewa. Bai wa kowa adadi ɗaya ya fi adalci idan ba ki da awon tsoka.

Ko komai ya tafi daidai, ki yi taka-tsantsan da abin da za ki ce game da mutane. Magungunan da ke zaburar da kitse mai launin ƙasa-ƙasa (wanda ke ƙona ƙarfi don samar da zafi), irin su CL 316,243, suna narkar da kitsen ɓera ƙwarai, amma ire-irensu ba su yi abin kirki a kan ƙibar mutum ba, domin ɓera ya dogara da wannan kitse fiye da mu nesa ba kusa ba, kuma wurin da maganin ke kamawa ya bambanta. Rimonabant ya ramar da ɓeraye, ya ramar da mutane, aka amince da shi a Turai a 2006, aka janye shi a 2008 saboda baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai da ya jawo wa wasu. Sikelin ɓera ba zai taɓa nuna wannan ba. Ina damuwa da wannan batu ne saboda abin da ɗalibi ya rubuta a kundinsa yau, gobe za ka ji shi a bakin mai tallar magani a kasuwa da lasifika, yana cewa jami'a ta tabbatar. Idan za ki iya, ki bar wasu ɓerayen mako biyu ko uku bayan dakatar da tsimin ki ga ko nauyin zai dawo. A mutanen da suka daina semaglutide, wajen kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo cikin shekara guda.

Kafin ki sayi ɓera ko ɗaya, ki sami izinin kwamitin kula da amfani da dabbobi na jami'arku, ki rubuta a ciki iyakar da idan dabba ta kai za a cire ta daga gwaji, wadda yawanci ita ce zubewar kashi 20 cikin 100 na nauyi ko alamun wahala a fili. Dabbobin nan amana ce a hannunki, kuma gwajin da aka tsara da sakaci wahalar da su ne a banza. Ki nemi ƙa'idojin ARRIVE, waɗanda aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020, ki karanta su tun yanzu, don suna lissafa abin da mujallu za su nema daga gare ki. Yawanci ana bukatar ɓeraye 8 zuwa 12 a kowane rukuni, amma ki zauna da masanin ƙididdiga ya yi miki lissafi bisa yadda nauyin naki ɓerayen ke bambanta.

Na san kuɗi zai matsa, kuma malamin da ke duba aikinki wataƙila zai so matakan adadi uku na tsimin, ƙarami da matsakaici da babba. Idan dole sai an rage wani abu, ki roƙe shi a rage matakan su koma biyu, a bar miki rukunin ciyarwar daidaito da abincin kwatancin da aka haɗa da kyau. Sai ki sami rukuni shida: marasa ƙiba, masu ƙiba da ake ɗura wa ruwa zalla, matakan tsimi biyu, orlistat, da waɗanda ake auna wa abinci daidai da na babban matakin. Idan kin haɗa abincin, ki fara gwada shi a kan ɓeraye kaɗan na wata guda ki tabbatar suna cin sa kuma suna hawa, sannan ki turo min da lissafin kayan haɗin mu duba tare.